Yaro a Gidan da Ake Jinyar da Ba a Sa Ran Warkewa: Tambayoyin Iyaye da Amsoshinsu

Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin yara a Birnin Kebbi, kuma na lura tambayoyi masu nauyi ba a gaban likita ake yin su ba. Sai an gama zagayen safe uwa za ta biyo ki baranda, ko uba ya tare ki a gindin dogon yaro kusa da mai shayi, ya ce, "Sista, don Allah minti ɗaya." Su na tara a nan. Wasu na iyayen da ɗansu ke kwance ne, wasu na gidan da babba ke jinya yara suna kallo. Abin da ya shafi magani da adadin da za a sha kuwa, wannan na likitanku ne.

Likita ya ce za a mayar da mu kan "faliyatif". Sallamarmu aka yi ke nan, mu koma gida mu jira ikon Allah?

A'a, Baba. Ni kulawar sassauci nake kiranta. Idan ciwo ya kai inda ba a sa ran magani zai raba mutum da shi, irin sankarar da ta bazu, ko ƙodar da ta daina aiki, ko ciwon zuciyar da aka haifi yaro da shi, aiki bai ƙare ba. Akwai raɗaɗi, akwai amai, akwai ƙarancin numfashi, akwai rashin barci da fargaba, kuma kowanne yana da abin da ake yi masa. Ana ma iya fara ta tun ana kan neman waraka, su tafi tare.

Wata Baturiyar Ingila, Cicely Saunders, wadda ta yi aikin nas kafin ta zama likita, ita ta kafa gidan jinya na farko irin na zamani don wannan aiki a Landan a 1967. Abin da ta nace a kai shi ne ciwo ba a jiki kaɗai yake tsayawa ba: yana taɓa zuciya, da aljihu, da zumunci, da imani. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar cewa kowace ƙasa ta sa wannan kulawa cikin tsarin lafiyarta. Hukumar ta ƙiyasta mutum miliyan 56.8 ke buƙatarta a kowace shekara, amma kashi 14 cikin ɗari kacal ke samu. A Najeriya, asibitin koyarwa na Ibadan na cikin waɗanda suka fara buɗe mata sashe.

Kalmar "babu abin da za a iya yi" ita ce na fi ƙi a bakin ma'aikacin lafiya. Kullum akwai abin yi.

Wane ne kuma jami'in walwalar yara? Ba nas ba ce?

Nas tana ba da magani, tana sa ruwa, tana wanke ciwo. Shi wannan ba ya taɓa allura. Karatunsa a kan yadda hankalin yaro ke girma ne, da yadda asibiti da ciwo da mutuwa ke shiga kansa. Yana shirya yaro kafin a yi masa abin tsoro, ya tsaya da shi lokacin da ake yi, ya ba shi wasan da zai fitar da abin da bakinsa ya kasa faɗa, sannan ya zauna da iyaye a nemo kalmomin da za a gaya wa yaron da 'yan'uwansa. Idan rasuwa ta zo, ba ya janyewa.

Sana'ar ta kafu ne a Amurka. A 1955 Emma Plank ta fara shirin wasa da karatu ga yaran da suka daɗe a kwance a wani asibitin birnin Kilibilan (Cleveland). Yau mai son takardar shaidar aikin sai ya yi digiri, ya yi sa'o'i 600 na koyon aiki a asibiti, ya kuma ci jarrabawa. A Afirka ma akwai: asibitin koyarwa na Moi da ke Eldoret a Kenya yana da irin wannan shiri.

Akwai su a nan Kebbi?

Ba kasafai ake samun mai wannan muƙami a asibitocin Najeriya ba. Idan kuna asibitin tarayya na Birnin Kebbi, ko na Sir Yahaya, ko an tura ku asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ku tambayi ofishin walwalar marasa lafiya, ku kuma lura da nas ɗin da yaronku ya fi sakin jiki da ita, ku roƙi ta zauna da ku.

Sai dai mu muna da wata ƙwararriya da ba ta da takarda: kaka. Ita ce ke kiran jikanta "mijina", ta kira jikanyarta "kishiyata", su yi ta tsokanar juna. Yaron da ke sunkuyar da kai a gaban ubansa, a gaban kakarsa baki ke buɗewa. Gwaggo ma haka, kawu ma haka. Mafi yawan abin da zan faɗa a ƙasa, irin waɗannan mutanen ne za su fi iya yin sa. Ku zaɓi mutum ɗaya a dangi, ku ce: kai ne na yara. Masu jinya sun isa, masu neman kuɗi sun isa, yara ne ba su da kowa.

Yaro ne fa, me ya sani? Ba gara a rufe masa ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace zuwa, kuma daga tausayi take fitowa. Amma ku duba abin da yaron ke gani. An sayar da buhunan shinkafar da aka ajiye don iri. Akuyoyi sun ragu a garke. Dangin Jega da na Argungu da ba a gani sai da salla sun fara sintiri. Inna tana fitowa daga bayan ɗaki ido ja, ta ce hayaƙi ne. Ana magana, da ya shigo sai a yi tsit. Duk wanda ya zo dubiya ya ce "ya jiki?", a amsa "da sauƙi", shi kuwa yana jin jikin nasa yana ƙara nauyi. Yaro ba ya buƙatar a karanta masa takardar gwaji kafin ya gane.

Wata mai bincike a Amurka, Myra Bluebond-Langner, ta zauna watanni da yara masu sankarar jini, ta fitar da abin da ta gano a 1978. Yaran sun san mutuwa za su yi, har ƙananan cikinsu. Sun yi shiru ne don sun fahimci manya ba sa son maganar. Wato iyaye na ɓoye wa yaro don kada ya tsorata, yaro na ɓoye wa iyaye don kada su yi kuka. Kowa na kare kowa, kuma kowa shi kaɗai yake kwana da abin.

A Suwidin an tambayi iyayen da sankara ta ɗauke wa 'ya'ya, aka buga sakamakon a 2004. Cikin 147 da suka yi maganar mutuwa da ɗansu, babu ko ɗaya da ya yi da-na-sani. Cikin 258 da ba su yi ba, 69 sun ce da ma sun yi. Suwidin ba Kebbi ba ce, amma zuciyar uwa ɗaya ce.

Ban ce a zaunar da yaro a sauke masa komai kamar kayan jaki ba. Wani yaron ba ya son ji, kuma haƙƙinsa ne. Abin da nake roƙo biyu ne: kada a yi masa ƙarya, kuma ya san in ya tambaya za a amsa. Yaron da aka ce wa "gobe za ka warke" sau goma, in ya ga gobe ba ta zuwa, ko an ce masa "ina nan kusa da kai" ba zai ƙara yarda ba.

To da waɗanne kalmomi?

Fara da tambaya: "Me ka ji likita ya ce? Kai me kake gani?" Amsarsa za ta nuna inda za a ɗora.

Ɗan ƙasa da shekara 5 yana ɗaukar mutuwa kamar tafiyar da ake dawowa. Zai tambaya yau, ya sake gobe, ya ce yaushe mamacin zai dawo. Ba taurin kai ba ne, haƙuri za a yi a maimaita masa amsa ɗaya, gajera. Daga 6 zuwa 9 yake fara gane cewa wanda ya mutu ba ya dawowa, kuma kowa zai mutu. A nan tambayoyin ke yin tsauri: zai ji yunwa a kabari? Zai ji zafin ƙasa? Daga 10 zuwa sama ya gane kamar babba, sai dai yana ɓoye damuwarsa, musamman namiji da aka saba ce wa "kai ba mace ba ne".

A ambaci ciwon da sunansa. "Baba yana da ciwon da ake kira sankara. Likitoci sun yi ƙoƙari, maganin bai kashe ta ba. Yanzu suna ba shi wanda zai hana shi jin zafi." Sai a ƙara abubuwa uku da yaro ba zai tambaya ba amma suna cin sa: ba kai ka jawo ba, ba a ɗauka ta zama kusa ko cin abinci tare, kuma ga wanda zai kula da kai.

Akwai maganganun da muka gada waɗanda ke barin baya da ƙura. Ka ce "barci ya yi", yaro ya koma tsoron kwanciya. Ka ce "ta tafi Makka", ya zauna jiran jirgin alhazai, ranar da maƙwabta suka dawo babu ita sai ya ɗauka gudunsa ta yi. Ka ce "Allah ya ɗauke shi don yaron kirki ne", ƙanensa ya yanke shawarar gara ya zama mara ji. Kalmar "ya rasu" ko "ya mutu" ba ta fi ƙarfin yaro ba, in an biyo ta da bayani: jikinsa ya daina aiki, ba ya numfashi, ba ya jin yunwa, ba ya jin ciwo, ya koma ga Allah, mu ma wata rana za mu je. Gidajen Kirista, a ƙasar Zuru ko ko'ina, su faɗa da harshen imaninsu, su sa fastonsu a ciki. Ƙa'idar dai ɗaya ce.

Idan ya dube ni ya ce, "Inna, mutuwa zan yi?"

Kada ki ce "rufe mini baki", kada kuma ki tashi ki fita. Zauna. Ki ce, "Me ya sa ka tambaya? Me ke ba ka tsoro?" Sau da yawa ba mutuwar ce ke damunsa ba. Yana son ya san ko da zafi, ko za a bar shi shi kaɗai, ko za ki iya rayuwa bayansa. Wani ma damuwarsa wa zai riƙa ba tantabarunsa ruwa.

Kina iya cewa, "Ciwon nan babba ne, likitoci ba su da maganin da zai kore shi. Rai a hannun Allah yake, ni ma ban san ranata ba. Abin da na sani, ba za mu bar ka kana jin zafi ba, kuma ba inda za ni." In hawaye ya zo, ya zo. Ki ce, "Ina kuka ne don ina son ka." Wannan ya fi masa sauƙi a kan labarin hayaƙi.

Wasa kuma? Ana cikin wannan hali a ce a kawo 'yar tsana?

Yaro da wasa yake magana. Ki ba yarinya 'yar tsana da sirinji marar allura da ɗan bandeji, ki koma gefe ki saurara. Za ki ji tana ce wa 'yar tsanar, "Ba ki jin magana, shi ya sa za a soke ki." Nan take kin gano ta ɗauki jinyar a matsayin horo, abin da ba za ta taɓa faɗa ba ko an kwana ana tambayarta. Sai ki shiga wasan ki gyara: "Wannan 'yar tsanar ba ta yi laifi ba, ciwo ne ya same ta."

Ba sai an sayo komai ba. Karan dawa na yin mota, laka na yin shanu, ƙwallayen dabino na yin dara a kan faifai. Wanda ba ya iya tashi a yi masa tatsuniya, a bar shi ya zaɓi yadda Gizo zai ƙare. Zaɓin nan yana da muhimmanci: yaron da kullum ake juyawa, ake soka, ake ɗura wa magani, ya samu wuri ɗaya da maganarsa ce ke aiki. Ko da "kofin ja kake so ko shuɗi" ne.

Masu ƙyamar 'yar tsana su tuna ya tabbata Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da su a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya kuma zo a hadisi cewa ƙanen Anas bin Malik, Abu Umair, yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi; da tsuntsun ya mutu Annabi ya gan shi cikin damuwa, ya tsaya ya tambaye shi labarin tsuntsun. Bai ce yaro ne, zai manta ba.

Da ya ga farin kaya sai ihu. Yaya za mu yi da allura?

Laifinmu ne tun a gida, mu da ke cewa "in ba ka yi shiru ba in kira mai allura". A daina. A daina kuma cewa "ba zafi". A ce, "Za ka ji kamar cizon cinnaka, kafin mu ƙirga goma an gama."

Maimakon a danne shi a gado mutum huɗu, ya zauna a cinyarki, ƙirjinsa a naki, ki rungume shi, hannu ɗaya a waje. Mutum ɗaya ya riƙa magana, ba taron jama'a ba. A ba shi aiki: ya hura balan-balan, ya karanto sura, ya ƙirga yatsun kakarsa, ko ya kalli wani abu a waya. Jariri kuwa a sa shi a nono ana cikin yi. An tabbatar yana rage masa zafi. In an gama a yaba abin da ya yi, ko ya yi kuka: "Ka riƙe hannunka bai motsa ba."

Sun ce za a ba shi morfin. Ba ƙwaya ba ce? Ba zai gaggauta masa ba?

Na san daga ina tsoron ya fito. Mun ga abin da tiramol da kodin suka yi wa samarinmu, har gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Amma morfin da likita ya auna daidai nauyin yaro, don raɗaɗi mai tsanani, wani abu ne daban. Yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, har da na yara. In an bi ƙa'ida ba ya gajarta kwana. Na ruwa galibi duk bayan sa'a huɗu ake ba da shi, a kan lokaci, ba sai ciwo ya taso ba. Yana kawo taurin bayan gida, don haka a nemi maganin wannan tun ranar farko. Yana iya sa gyangyaɗi a kwanakin farko. A kulle shi inda yara da samari ba sa kaiwa. Kodin da tiramol kuwa ba a ba ɗan ƙasa da shekara 12, kada wani mai kemis ya ce ai duk ɗaya ne.

Don sanin yawan ciwon, ajiye tsakuwa huɗu a gabansa. Ɗaya ciwo kaɗan, huɗu ciwon da ya fi kowanne. "Nawa ne naka yanzu?" Ki rubuta, ki nuna wa likita. Yaron da ya yi lamo ba ya motsi, ba lallai sauƙi ya samu ba. Wani ciwon ne ya hana shi ko kuka.

Ɗan farina ne. Ko sunansa ban taɓa faɗa ba. Yanzu in rungume shi a gaban surukaina?

Wannan tambayar na sa ni shiru kafin in amsa. Kunyar ɗan fari tarbiyya ce, ban raina ta ba, ni ma a cikinta na tashi. Amma an yi ta ne don yaron da zai girma ya gane cewa kawaicin uwarsa so ne. Wanda kwanansa ya taƙaita ba shi da lokacin wannan fahimtar. Na ga uwa tana tsaye bakin ƙofa, gwaggo na shafa kan yaro, idon yaron kuwa yana kan ƙofar.

In rana ta yi miki nauyi, dare naki ne. Ki karɓi kwanan jinya. Ki shafa masa mai a ƙafa, ki kira shi da sunan da kika laƙaba masa. Ke kuma Hajiya, uwar miji, kalma ɗaya daga bakinki ta isa: "Je ki wurin ɗanki, ba mai ganin laifinki." Uba ma haka. Biyan kuɗin magani so ne, amma yaro ba ya ganin rasit.

Sauran yaran fa? Su ai lafiyarsu ƙalau.

Su ne aka fi mantawa. Uwa ta yi wata biyu a Sakkwato, an bar su wurin abokiyar zama ko maƙwabta, babu wanda ya ce musu komai. Babbar ta bar makaranta ta koma girki da raino. Ƙaramin yana jin haushin duk lemo da madara na mara lafiya ne, sannan yana jin kunyar haushin. Wani ya taɓa ce wa ɗan'uwansa "Allah ya sa ka mutu" a wurin faɗa, yanzu ya tabbata bakinsa ne ya kama. Sai an faɗa masa a fili cewa magana ba ta sa ciwo.

A gidan masu sikila akwai ƙarin tsoro: ni ma haka zan yi? A Najeriya ana haifar jarirai kusan 150,000 da sikila a shekara. In uwa da uba duk AS ne, wato suna ɗauke da gadon sikila a jini amma ba su da ciwon, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila. A gwada jinin kowane yaro, a gaya masa nasa. Sani ya fi zullumi.

Kuma don Allah a kiyaye zargin maita da sammu a gaban yara. In aka nuna kishiya, 'ya'yanta da 'yan ubansu ne za su gaji gabar.

A ba kowa ɗan aiki daidai shi: wannan fifita, wannan kawo ruwa, wannan karanta masa abin da aka yi a islamiyya. In kuna nesa, kira ɗaya a rana a lokaci sananne, ko bayan magariba, ya fi tsaraba.

Maigidana ne ke kwance, ya rame ƙwarai. In bar yara su gan shi?

A tambaye su, kada a tilasta, kada a hana. Kafin su shiga a zana musu abin da za su tarar: "Baba ya rame, akwai roba a hancinsa mai taimaka masa numfashi, muryarsa ta yi ƙasa, amma yana jin ku." Minti biyar ya isa. Babba ɗaya ya tsaya kusa don fita da wanda ya gaji. In asibitin ba ya barin yara shiga, a roƙi shugabar ɗakin. In bai yiwu ba, a yi kiran bidiyo.

Shi ma maigidan a ba shi dama tun yana da ƙarfi. Ya yi wa kowane yaro magana a waya a naɗa, da sunansa, ya sa masa albarka. Ya ce hular nan ta wane ce, carbin nan na wance. Ya faɗi wanda yake so ya riƙe su, a gaban 'yan'uwansa. Mutanenmu na ganin wannan kamar kiran mutuwa ne, alhali wasiyya addini ne ya koyar da ita.

Ya ci gaba da zuwa makaranta?

In yana so kuma jiki ya yarda, ko na sa'a ɗaya ne, ya je. In ba hali, malam ya turo abokansa biyu da allonsa. A sanar da malaman 'yan'uwansa halin da ake ciki, kada a doki yaro a kan aikin gida alhali a asibiti ya kwana.

Gida ya fi ko asibiti?

Yara da yawa gida suke so, kusa da tabarmarsu da hayaniyar da suka saba. Amma kada a sulale da dare ba sallama. A zauna da likita a fita da magani isasshe, da rubutaccen bayanin yadda za a ba da shi, da lambar wanda za a kira. Wanda zai koma ƙauye mai nisa ya san asibitin da ya fi kusa da shi, ya kuma san ranar da maganin zai ƙare tun kafin ya ƙare. A zafin Maris zuwa Mayu a nemi ɗakin da ya fi iska, a riƙa goga jiƙaƙƙen tsumma, a juya shi duk bayan sa'o'i biyu saboda gyambon kwanciya.

In kwanaki sun matso, barci zai yawaita, ci zai tsaya, hannu da ƙafa su yi sanyi, numfashi ya riƙa yankewa yana dawowa, wani lokaci da gargara a maƙogwaro. Kada a yi ɗure. Yana iya shaƙe shi. A jiƙa masa leɓe kawai. A gaya wa yaran gida wannan tun kafin su ji sautin, kuma a ci gaba da yi masa magana a hankali, a laƙƙana masa kalmar shahada ba tare da takurawa ba.

Ranar da abin ya faru, a kwashe yara zuwa maƙwabta?

Haka muka saba, sai yaro ya dawo ya tarar an share ɗaki, an naɗe katifa, mutum ya ɓace. Gara wanda ya fi kusa da shi ya gaya masa da bakinsa, kafin ya ji a bakin yaran unguwa. In yana son ganin fuskar mamacin bayan an yi wanka, a shirya shi: jikin zai yi sanyi, ba zai motsa ba. In ba ya so, a ƙyale shi. Namiji mai wayo yana iya bin sallar jana'iza tare da kawunsa.

Kada a ce masa "kukanka na ƙona shi". Lokacin da ɗan Annabi, Ibrahim, ke barin duniya, idanun Annabi sun zubar da hawaye, ya ce ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, ba ma faɗar sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Da Ja'afar, ɗan baffan Annabi, ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, Annabi ya je gidansa ya nemi 'ya'yansa ya rungume su, ya kuma sa a yi wa iyalin abinci. In kun ga yaro ya yi kuka minti biyu ya fita buga ƙwallo, ba rashin imani ba ne. Haka yara ke shan baƙin ciki, kurɓi-kurɓi.

An yi arba'in, amma ɗiyata 'yar shekara 7 ta koma fitsarin kwance, ba ta barin in je ko bayan gida. Aljanu ne?

Maraici ne. Fitsarin kwance, tsotsar yatsa, ciwon ciki da ba a gano dalilinsa ba, faɗa a makaranta, mannewa uwa, duk an san su. Kada a doke ta, kada a yi mata waƙar amalala. A shimfiɗa leda, a wanke, a yi shiru. Lokacin abinci da na kwanciya su zauna yadda suke. Duk inda za ki, ki gaya mata yaushe za ki dawo, kuma ki dawo a lokacin. In za a yi rabon riƙo, a yi ƙoƙari kada a raba ta da ƙannenta. Wanda ya rasa uba ya kuma rasa 'yan ɗakinsu a wata guda, rashi biyu ya yi. Ki riƙa ambaton marigayin: abincin da yake so, abin dariyar da ya taɓa yi. Ku yi masa addu'a tare, ta miƙa sadakar da hannunta.

In watanni sun shuɗe abin na ƙaruwa, ta daina ci, ta daina wasa gaba ɗaya, tana ramewa, ko tana cewa tana so ta mutu ta bi shi, kada a jira. A kai ta wurin likitan yara, a faɗa masa rashin da aka yi tun a jimlar farko, a nemi ya haɗa ku da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Ke ma in kin kasa barci ko ci, ki faɗa masa a zaman nan, a duba ku tare.